Sayen gidan farko a Ingila ba tare da kafin alƙalami ba: yana yiwuwa, amma ga wa?

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne a Manchesta, shekarata huɗu a ƙasar da bizar aiki. Ni da maiɗakina muna biyan hayar fam 950 duk wata kuma ba mu taɓa jinkiri ba, sai dai haya da hidimar yara da ta iyaye a gida ba su bar mu mun tara kafin alƙalami ba. Na ji an ce akwai bankunan da suke ba mutum rancen kuɗin gida gaba ɗaya ba tare da ya ajiye komai ba. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, ta ina zan fara?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, akwai irin wannan rance a Birtaniya, amma masu bayar da shi ba su da yawa, sharuɗɗansu suna da tsauri, kuma a halin da ka bayyana ina ganin bizarka za ta fi rashin kafin alƙalami tsaya maka a hanya. Zan bayyana maka yadda abin yake, sannan in faɗa maka dalilin da ya sa nake ganin tara kashi 5 cikin ɗari a cikin shekara ɗaya ko biyu ya fi maka alheri a kan neman rancen da ba a ajiye komai.

Ya kamata ka fara sanin abin da ya sa banki yake neman kafin alƙalami tun farko. Gidan da ka saya shi ne jingina a hannun banki, idan ka kasa biya zai karɓe shi ya sayar domin ya fitar da kuɗinsa. Idan ka biya kashi 10 daga aljihunka, ko da farashin gidaje ya sauka kaɗan banki ba zai yi asara ba, kai ne za ka fara asara. Idan kuwa ba ka biya komai ba, duk saukar da farashi ya yi a kan banki take faɗawa. Kafin shekarar 2007 bankunan Birtaniya sun yi sakaci da wannan. Bankin Northern Rock yana da wani tsari mai suna Together wanda yake ba mutum har kashi 125 na kuɗin gidan, wato kuɗin gida da ƙarin bashi a kai. A watan Satumba na 2007 masu ajiya suka yi layi a ƙofofin bankin suna kwashe kuɗinsu, a Fabrairun 2008 gwamnati ta karɓe shi, kuma daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2009 farashin gidaje ya faɗi da kusan kashi 20. Dubban mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi ƙimar gidajensu, ba su iya sayarwa, ba su iya komawa wani banki mai sauƙin ruwa, wasunsu har yau suna cikin wannan ƙangi. Bayan haka ne aka tsaurara dokokin bayar da rance a 2014, kuma rancen kashi ɗari ba tare da mai tsaya wa mutum ba ya ɓace kusan shekara goma sha biyar.

Skipton Building Society, wata cibiyar ajiya da bayar da rancen gida, ita ce ta dawo da shi a watan Mayun 2023 da wani tsari mai suna Track Record, kuma ina zaton shi ne aka ba ka labari. An gina shi ne domin masu haya irinka. Hujjarsu ita ce wanda ya iya biyan haya kan lokaci wata bayan wata ya nuna zai iya biyan rance. Lokacin da aka fara shi, sharuɗɗan sun haɗa da cewa mai nema ya kai shekara 21, ya kawo shaidar biyan haya na wata 12 a jere a cikin wata 18 da suka wuce, kada ya kasance ya tsallake biyan wani bashi a wata shida na baya, kuma rancen kada ya wuce fam 600,000. Kuɗin ruwan da aka fara da shi kashi 5.49 ne, a tsaye, wato ba ya canzawa, na shekara biyar, ana biya har tsawon shekara 35. Sharaɗin da ya fi kama mutane shi ne cewa abin da za ka riƙa biya duk wata kada ya wuce matsakaicin hayar da kake biya. Daga baya sun sassauta wannan da wasu sharuɗɗan, saboda haka wajibi ne ka duba waɗanda ake aiki da su ranar da za ka nema.

Bari mu auna da hayarka. A kan ruwa kashi 5.5 na tsawon shekara 35, fam 950 a wata yana ɗaukar rancen kimanin fam 177,000. Wannan iyaka ɗaya ce. Ta biyu ita ce albashi, domin yawancin bankuna ba sa wuce ninki huɗu da rabi na abin da mai nema yake samu a shekara, kuma suna cire kuɗin renon yara da bashin mota da katin bashi kafin su yanke. Wanda yake samun fam 36,000 a shekara shi kaɗai zai tsaya a wajen fam 162,000, idan kuma maiɗakinsa tana aiki aka haɗa albashin biyu, iyakar haya ce za ta fara tsayar da su. Da irin wannan kuɗi ana samun gida a wasu unguwannin kewayen Manchesta, abin da ba zai yiwu a Landan ba.

Akwai wasu ƙalilan bayan Skipton. Kamfanin April Mortgages ya fito da nasa rancen kashi ɗari a 2025, wanda ruwansa yake tsaye na shekara 10 ko 15. Yorkshire Building Society kuma tun Maris 2024 tana karɓar fam 5,000 kacal a matsayin kafin alƙalami a kan gidan da bai wuce fam 500,000 ba, wanda a aikace kusan daidai yake da rashin ajiya.

Yanzu mu zo kan biza, domin a nan ne nake so ka fi mai da hankali. Bankunan Birtaniya suna bambanta tsakanin wanda yake da izinin zama na dindindin da wanda yake kan bizar aiki. Dalilinsu a fili yake: bizar aiki tana rataye ne da mai ɗaukar nauyinka, idan aikin ya ƙare kana iya barin ƙasar alhali saura shekara talatin a gama biyan bashi. Saboda haka da yawansu suna neman mai biza ya ajiye kaso mai tsoka, wasu kashi 10, wasu har kashi 25, kuma suna duba tsawon zamansa a ƙasar da yawan albashinsa. Tsare-tsaren da ba a ajiye komai ko ake ajiye kaɗan, mafi yawansu an tanade su ne domin 'yan ƙasa da masu izinin dindindin. Kai kana da shekara huɗu, kuma a ƙa'idar da aka daɗe ana bi, mai irin bizarka yana neman izinin dindindin bayan shekara biyar, ko da yake a watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar tsawaita wannan wa'adi zuwa shekara goma ga mutane da yawa. Ka tabbatar da matsayinka a wannan batu kafin komai, domin shi ne zai nuna ƙofofin da za su buɗe maka. Idan maiɗakinka tana da izinin dindindin ko takardar zama 'yar ƙasa, wasu bankuna suna sassautawa idan kun nema tare.

Hanya ta biyu ta rashin ajiya ita ce ta dangi. A tsarin Family Springboard na bankin Barclays, wani naka yana ajiye kashi 10 na kuɗin gidan a wani asusu na musamman har shekara biyar, kai kuma a ba ka rancen gaba ɗaya. Idan ka biya ba tangarɗa, sai a mayar masa da kuɗinsa. Bankin Lloyds yana da makamancinsa mai suna Lend a Hand, na shekara uku. Wannan yana da kyau ga wanda yake da yaya ko kawu da ya daɗe a ƙasar kuma yake da ajiyar da ba ya buƙata nan kusa, amma ka faɗa masa gaskiya tun farko cewa idan ka kasa biya banki zai riƙe kuɗinsa, yana ma iya cin wani abu daga ciki. Na ga zumunci ya yi tsami a kan irin wannan saboda ba a zauna an yi bayani ba kafin a sa hannu.

To ko da an ba ka rancen kashi ɗari, shin ya dace ka karɓa? Ɗauki gidan fam 180,000 a kan ruwa kashi 5.5 na shekara 35. Za ka riƙa biyan kimanin fam 967 a wata. Bayan shekara biyar ka biya kusan fam 58,000, amma abin da ya ragu daga uwar kuɗin bai kai fam 10,000 ba, sauran duk ruwa ne, saboda a shekarun farko ruwa ne yake cinye mafi yawan abin da ake biya. Bashin da ya rage a kanka zai kasance wajen fam 170,000. Idan farashin gidaje ya tsaya yadda yake, ka mallaki kashi 5 da ɗoriya, kuma za ka iya neman sabon tsari a wani banki. Idan kuwa ya sauka da kashi 10, gidan ya koma fam 162,000, bashin ya fi shi da fam 8,000. A wannan hali ba za a kore ka ba muddin kana biya, sai dai ka ɗaure: idan aka canza maka wurin aiki zuwa wani gari, ko iyali suka ƙaru, ko kuka yanke shawarar komawa gida, ba za ka iya sayarwa ba sai ka cika giɓin daga aljihunka. Kuma idan wa'adin ruwan tsaye ya ƙare, sauran bankuna ba za su karɓe ka ba, sai dai ka ɗauki abin da bankinka ya ba ka. Shi ya sa nake cewa wannan rance ya dace ne da wanda aikinsa ya kafu, zamansa a ƙasar ya tabbata, kuma ya san zai zauna a gidan nan shekara bakwai ko goma. Wanda har yanzu takardunsa suke hannun mai ɗaukar nauyi bai kai wannan matsayi ba.

Akwai wani abu da 'yan'uwanmu da yawa ba su sani ba sai lauya ya tambaye su ana dab da kammala ciniki. A dokar harajin sayen gida, mai saye na farko shi ne wanda bai taɓa mallakar gidan zama ba a ko'ina a duniya, kuma gado yana ciki. Idan ka gina gida a Kano ko Zariya, ko sunanka yana cikin magadan gidan mahaifinku, a idon hukumar haraji ba kai ne mai saye na farko ba, ko da ba ka taɓa mallakar ko ɗaki a Birtaniya ba. Tun Afrilun 2025 mai saye na farko a Ingila ba ya biyan wannan haraji da ake kira Stamp Duty a kan fam 300,000 na farko. Wanda ya rasa wannan rangwame zai biya fam 1,100 a kan gidan fam 180,000, wanda abu ne mai sauƙi. Abin da ya fi nauyi shi ne ƙarin kashi 5 da ake ɗora wa mai gida na biyu, wanda yake hawa kan mutum idan har yanzu yana da wani gida ko kason gida da ƙimarsa ta kai fam 40,000, ko a wace ƙasa yake. A kan gidan fam 180,000 wannan ƙari fam 9,000 ne. Mafi yawan kason gado a gidajenmu bai kai fam 40,000 ba, amma wanda ya gina babban gida a Abuja ya lissafa da kyau. Ka gaya wa lauyanka gaskiyar abin da ka mallaka tun ranar farko, domin kai ne za ka sa hannu a takardar haraji, kuma kai za a bi idan bayanin ya zama ƙarya. Kowane banki kuma yana da tasa ma'anar ta mai saye na farko, Skipton alal misali ta koma karɓar wanda bai mallaki gida ba a shekara uku da suka wuce.

Idan ba ku taɓa mallakar gida ba, kai da maiɗakinka, kuma shekarunku ba su kai 40 ba, ga abin da nake ba ku shawara. Kowannenku ya buɗe asusun Lifetime ISA. Ana zuba har fam 4,000 a shekarar haraji, gwamnati ta ƙara kashi 25 a kai, wato har fam 1,000 ga mutum ɗaya. Idan kowannenku ya zuba fam 300 a wata, bayan shekara ɗaya kun tara fam 7,200, gwamnati ta ƙara fam 1,800, jimla fam 9,000, wanda shi ne kashi 5 na gidan fam 180,000. Na san fam 600 a wata ba ƙaramin abu ba ne ga mai haya da yara da iyaye a gida, idan rabin haka za ku iya, shekara biyu ce maimakon ɗaya. Sharuɗɗan su ne asusun ya cika wata 12 daga ranar zubin farko kafin a yi amfani da shi, gidan kada ya wuce fam 450,000, kuma idan kuka cire kuɗin domin wata buƙata dabam za a yanke kashi 25 na abin da kuka cira, wanda yake cinye ƙarin gwamnati har ya taɓa naku. Saboda sharaɗin wata 12 ɗin nan, ku buɗe asusun yanzu ko da da kuɗi kaɗan ne, domin kwanakin su fara ƙirguwa. Da kashi 5 a hannu, masu ba ku rance sun ƙaru sosai, saboda gwamnati tana tsaya wa bankuna a kan irin wannan rance tun Afrilun 2021 kuma ta mai da tsarin na dindindin a Yulin 2025, ruwan ma ya fi sauƙi. Shekarar da za ku yi kuna tarawa ita ce kuma shekarar da batun izinin zamanka zai fito fili.

Tsarin Shared Ownership ma yana rage nauyin kafin alƙalami. Kana sayen kaso daga 10 zuwa 75 cikin ɗari na gida daga hannun ƙungiyar gidaje, ka biya haya a kan sauran, kuma ajiyarka a kan kason da ka saya kawai ake lissafa ta. Kashi 25 na gidan fam 200,000 fam 50,000 ne, kashi 5 na wannan kuwa fam 2,500. Sharaɗi ne kuɗin shigar iyali kada ya wuce fam 80,000 a shekara, ko 90,000 a Landan. Ina taka-tsantsan da shi, domin ban da rance da haya akwai kuɗin kula da gini da yake hawa kusan kowace shekara, kuma sayar da irin wannan gida ya fi jan lokaci.

Ko wace hanya ka bi, rashin kafin alƙalami ba ya nufin shiga gida hannu rabbana. Akwai kuɗin lauya da binciken takardun gida, akwai na masanin da zai duba lafiyar ginin, akwai inshorar gini da banki yake wajabtawa, ga kuɗin kwashe kaya. Ka tanadi fam 3,000 ko kusa da haka domin waɗannan, sannan ka tuna cewa daga ranar da ka karɓi makulli, idan tukunyar ɗumama gida ta lalace a tsakiyar hunturu babu mai gidan da za ka kira.

Game da inda kuɗin zai fito, banki da lauya dole su ga asalin kowane fam saboda dokar hana halasta kuɗin haram. Idan kana adashe, ka tabbata zubi da kwasa duk ta asusun banki suke bi, kuma akwai rubutaccen jerin 'yan adashen da ranar kwasar kowa, domin dunƙulallen kuɗi da ya faɗo asusu ba bayani yana iya tsayar da ciniki, kuma zubin da ya rage a kanka za a lissafa shi cikin nauyinka na wata. Idan wani ne zai aiko maka daga Najeriya, za a nemi takardar shaidar cewa kyauta ce, da katin shaidarsa, da bayanan asusunsa na watanni, kuma kuɗin ya biyo ta hanyar da take barin shaida. Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne cin bashi a ɓoye ka kira shi kyauta. Wannan zamba ce a doka, kuma tana iya shafar lasisin aikinka da takardun zamanka gaba ɗaya.

Ba ka ambaci batun riba ba, amma na san yana zuciyar masu karatu da yawa. Duk tsare-tsaren kashi ɗari da na lissafa masu ruwa ne. Akwai hanyar da ba ta ruwa, irin ta Gatehouse Bank da StrideUp, inda ku da kamfanin kuke sayen gidan tare, kana biyan haya a kan kasonsu kana kuma saye shi kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Hukumomin kula da harkokin kuɗi na Birtaniya suna sa ido a kan wannan tsari tun 2007, a yau kuma hukumar FCA ce take wannan aiki. Sai dai shi tarayya ce, dole ka shigo da naka kason, galibi daga kashi 5 ko 10 zuwa sama, kuma abin da ake biya a wata yakan ɗan fi na sauran bankuna. Majalisar fatawa ta Turai ta yi sassauci a 1999 ga wanda lalura ta sa ya sayi gidan zama da rance mai ruwa, malamai da yawa kuma ba su yarda da ita ba. Wannan hukunci ne da za ka nema wurin malamin da ka amince da iliminsa. Abin da ya shafi fannina shi ne, idan hanyar da ba ta ruwa kake so, tara kafin alƙalami ya zama tilas.

Kafin ka je wurin kowa, ka gyara takardunka. Ka nemi rahoton tarihin bashinka daga kamfanonin da suke adana tarihin bashi, wato Experian da Equifax da TransUnion, ka duba ko akwai kuskure. Ka yi rajistar zaɓe a adireshinka, domin bankuna suna tabbatar da mazaunin mutum ta nan, kuma ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru mai izinin zama yana da wannan dama a matsayinsa na ɗan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ka tabbata hayar tana fita daga asusunka zuwa na mai gida ko wakilinsa kuma sunanka yana kan yarjejeniyar haya, domin hayar da aka biya hannu da hannu ko da sunan aboki ba ta zama shaida. Kuɗin da kake aikawa gida duk wata za a gan shi a bayanan asusunka, ka faɗe shi da bakinka. Kada ka riƙa cika takardar neman rance a bankuna barkatai, kowane cikakken bincike yana barin alama a tarihinka, kuma yawansu yana sa na gaba ya yi ɗari-ɗari da kai. Ka nemi dillalin rance mai zaman kansa wanda yake duba kasuwa gaba ɗaya, ka tabbatar da sunansa a rajistar FCA, ka tambaye shi kuɗin aikinsa tun farko, sannan tambayarka ta farko gare shi ta zama wannan: da irin bizata da albashina, waɗanne bankuna ne za su karɓe ni a yau, kuma kashi nawa kowannensu yake so in ajiye?